Kafin ka ba ejan kuɗi: yadda ɗan sakandare ke samun gurbin wasa a jami'ar Amurka



Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani dattijo maƙwabcina da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, kai ne ɗan bokonmu, zo ka duba mini wannan takarda." Ɗansa yana SS2, dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma duk Asabar yana zuwa Rowe Park da ke Yaba buga ƙwallon kwando. A can wani mutum ya gan shi, ya ce shi ejan ne, zai samo masa sikolashif a Amurka, amma a kawo naira miliyan uku kafin ƙarshen wata, kuɗin fom da biza. Alhaji har ya ware bijimai da zai sayar.

Na ce, "Baba, wace jami'a ce? Waye kocinta? An yi wa yaron rajista da NCAA?" Babu amsa ko ɗaya, takardar ma ko sunan makaranta babu a jikinta. Na roƙe shi ya dakata, na zauna na bi diddigin yadda abin yake. Ga abin da na samo, don na san ba gidan Alhaji kaɗai irin waɗannan mutane ke zuwa ba.

Da farko, hanyar gaskiya ce

Kada wani ya ce maka duk maganar ƙarya ce. Hakeem Olajuwon a nan Legas aka haife shi, ya yi Muslim Teachers College, ya tafi Jami'ar Houston a 1980. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, ya ci kofi a 1994 da 1995. Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode ce, ta Jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, kuma a 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12. Masai Ujiri kuwa a Zariya ya tashi, ya fara da ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019.

Amma ka lura, shi kansa Olajuwon bai buga wasan gasa ba a shekararsa ta farko, saboda NCAA ba ta ba shi izini ba tukuna. To idan mai irin wannan baiwa ya jira takarda, ina ga ɗanka da ɗana?

Su waye NCAA?

Ita ce babbar ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, hedikwatarta na birnin Indianapolis, kuma makarantu kusan 1,100 ne a ƙarƙashinta. Ta kasa su rukuni uku. Rukuni na ɗaya su ne manya masu kuɗi, waɗanda ake nunawa a talabijin. Rukuni na biyu suna ba da tallafi, amma yawanci rabi-rabi ne, iyaye su cika sauran. Rukuni na uku ba sa ba da tallafi don wasa kwata-kwata, sai dai don ƙoƙarin karatu ko rashin hali. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo maka sikolashif na wasa a rukuni na uku, ka san ƙarya yake.

Bayan NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. Sharuɗɗansu sun fi sauƙi, kuma yara da yawa daga nan suke farawa su koma babbar jami'a. Ba abin raini ba ne.

Alƙaluman NCAA da kanta sun nuna cewa a cikin 'yan wasan sakandaren Amurka, kusan 2 cikin 100 ne kawai ke samun tallafin wasa a jami'a. Wannan fa 'yan ƙasa ke nan, waɗanda koci ke iya zuwa ya kalla da idonsa.

Karatu kafin ƙwallo

Duk mai son buga wasa a rukuni na ɗaya ko na biyu dole ya yi rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, ta intanet. Yaron da iyayensa ne ke buɗe shafin da kansu, ba a buƙatar ɗan tsakiya. Kuɗin rajistar ɗalibin ƙasar waje ya kai dala 150 ko fiye da haka kaɗan, kuma kai tsaye ake biyan su. Ka kwatanta da miliyan ukun da aka nema wajen Alhaji.

Abin da suke dubawa shi ne shekaru huɗu na ƙarshe na sakandare, aji na 9 zuwa na 12 a lissafinsu. A namu lissafin, daga JSS3 zuwa SS3 ke nan. A rukuni na ɗaya suna son darussa na tushe guda 16: shekara huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, ƙarin ɗaya daga cikin waɗannan ukun, biyu na ilimin zamantakewa irin su tarihi, da wasu huɗu na ƙari. Darussan motsa jiki da na koyon sana'a ba sa shiga wannan lissafi. Sannan matsakaicin makin da suke kira GPA ya kai 2.3 a ma'aunin 4. A rukuni na biyu darussan 16 ne su ma, amma makin 2.2 ne. Wanda makinsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.3 a rukuni na ɗaya yana iya samun tallafi ya yi atisaye, amma ba zai buga gasa ba a shekarar farko.

Tun Janairun 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar SAT ko ACT. Sai dai a kula, izinin NCAA daban, samun gurbin karatu daban. Jami'ar tana da nata sharuɗɗan, wasu har yanzu suna neman waɗannan jarrabawa.

Ga ɗan Najeriya, za a nemi sakamakon WAEC ko NECO, da takardar sakamakon kowace shekara tun daga JSS3. Wallahi a nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Yaro ya yi JSS a Kano wajen kakarsa, ya yi SS1 a Agege, ya je wata makarantar kuɗi ya rubuta WAEC, katin sakamako duk sun ɓace. Ga kuma matsalar suna: a satifiket sunan garinsu ne a ƙarshe, a fasfo sunan kakansa, a NIN kuma wata ranar haihuwa daban. Su can ba sa wasa da wannan. Tun yanzu a daidaita suna da ranar haihuwa a kowace takarda. Maganar rage shekaru kuma, wadda aka saba da ita a harkar ƙwallo, a bar ta. Ranar da aka gano, tallafi da biza duk suna iya tafiya tare.

Tarkon kuɗin kulob da tarkon zaman jira

Sharaɗi na biyu shi ne a tabbatar yaron bai zama ɗan wasan haya ba. Za su tambaye shi duk kulob ɗin da ya taɓa bugawa, ko ya sa hannu a kwantiragi, ko an biya shi, ko ya ɗauki ejan. Abin da doka ta yarda da shi kafin shiga jami'a shi ne kuɗin ɗawainiya na zahiri, kamar mota da abinci da masauki da kayan wasa. Abin da ya haura wannan yana iya jawo matsala. Enes Kanter ɗan Turkiyya misali ne: Jami'ar Kentucky ta ɗauke shi a 2010, amma NCAA ta hana shi buga wasa gaba ɗaya saboda kulob ɗin Fenerbahçe ya ba shi kusan dala 33,000 sama da kuɗin ɗawainiya. A 'yan shekarun nan an ɗan sassauta, amma kowane yaro ana duba nasa ne daban. Don haka kafin ɗanka ya sa hannu a takardar wata akadami ko kulob, a samu wanda ya iya karatu ya karanta ta kalma-kalma, kuma a ajiye kwafi.

Ɗaya tarkon shi ne lokaci. A yawancin wasanni, bayan gama sakandare shekara ɗaya ake ba yaro ya shiga jami'a. Idan ya wuce haka yana ci gaba da buga gasa, sai a riƙa zaftare masa daga shekarun wasansa. Dokar da aka daɗe ana bi a rukuni na ɗaya ita ce kakar wasa huɗu cikin shekara biyar. Kuma suna ƙirgawa ne daga lokacin da ya kamata ya gama, bisa shekarar da ya shiga JSS3. Ka ga yaron da ya gama SS3 ya zauna shekara uku yana buga lig na unguwa yana jiran Allah ya kawo Bature, yana cin jarinsa ne bai sani ba.

Yadda koci ke neman ɗan wasa

Koci ne ke ba da tallafi da sunan jami'arsa, ba ejan ba. A rukuni na ɗaya an ƙayyade lokacin da zai fara tuntuɓar yaro: a yawancin wasanni daga 15 ga Yuni bayan aji na 10, wato bayan SS1, a wasu kuma daga 1 ga Satumba na aji na 11. Amma shi yaron yana iya aika saƙo a kowane lokaci. Adireshin imel na masu horarwa yana shafin wasanni na kowace jami'a, kyauta.

Abin da ake turawa: gajeren bidiyo na minti uku zuwa biyar, da bidiyon cikakken wasa guda, da tsayi da nauyi na gaskiya, da sakamakon makaranta, da lambar rajistar NCAA. Masu gudu da tsalle sun fi samun sauƙi, domin lokacin da na'ura ta auna a gasar da hukuma ta sani ba ya buƙatar dogon bayani. Shi ya sa fita gasar makarantu kamar ta Milo ta ƙwallon kwando, ko sansanin Giants of Africa na Masai Ujiri, ya fi bidiyo ɗari na bayan gida amfani.

Idan koci ya ce ta waya "mun ɗauke ka", alƙawarin baki ne, ba ya ɗaure kowa. Abin dogaro shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafi daga jami'ar. A cikin 2024 rukuni na ɗaya ya soke tsohuwar takardar alƙawari da aka daɗe ana sa wa hannu, yanzu wannan yarjejeniyar ce madogara. A karanta ta da kyau: cikakken tallafi ne ko rabi? Ya haɗa da ɗaki da abinci da littattafai? Na shekara ɗaya ne ko na huɗu? Idan yaro ya ji rauni fa?

Bayan nan ne jami'a za ta ba da takardar I-20, a biya kuɗin SEVIS, a nemi bizar ɗalibi ta F-1 a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko na Legas. Babu ejan da ke da ikon ba da biza. Kuma tun daga 2025 Amurka ta tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya, har da ɗalibai, don haka a fara tambayar halin da ake ciki kafin a kashe ko kwabo. Ofishin EducationUSA da ke Legas da Abuja yana ba da shawara kan karatu a Amurka.

Wasu za su ruɗe ka da cewa yanzu ana biyan 'yan wasan jami'a. Gaskiya ne, tun Yulin 2021 aka ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma daga 2025 jami'o'i na iya biyan su kai tsaye. Sai dai bizar ɗalibi ta taƙaita aikin da baƙo zai yi a Amurka, don haka kada gida ya ɗora tukunya a kan wannan kuɗi.

'Ya'yanmu mata ma suna da rabo. Wata doka ta 1972 ta tilasta wa makarantun Amurka ba mata dama kamar maza, har a wasanni. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga ƙwallon kwando a Jami'ar Memphis da hijabinta.

Yadda ta kaya da Alhaji

Na koma wajensa na ce a kira mutumin a tambaye shi abu biyu kawai: sunan jami'ar, da imel na kocin mai ɗauke da adireshin makarantar. Ya ce zai turo da yamma. Har yau wayarsa a kashe take. Bijiman Alhaji suna nan, yaron kuma ya je wajen shugaban makarantarsu ya fara tattara sakamakonsa daga JSS3. Da muka duba, sai muka ga lissafi ne ke ba shi wahala, yanzu an sa shi lesin bayan La'asar, Asabar kuma ya tafi Yaba.

Na faɗa wa Alhaji gaskiya cewa ko an yi komai daidai, yana yiwuwa Amurkar ba ta samu ba. Amma yaron da ya riƙe Turanci da lissafi da kimiyya don neman makin 2.3, shi ne dai zai ci WAEC ya ci JAMB, ya samu gurbi a Bayero ko ABU ko Jami'ar Legas, inda su ma akwai filin wasa da gasar NUGA. Ya ce, "To Malam, ai wannan ma riba ce."

Idan irin wannan takarda ta shigo gidanka, kada ka ji kunyar nuna ta ga wanda ya iya karantawa, kuma a sanar da Sarkin Hausawan unguwa ko limami don a ja kunnen sauran iyaye. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mu daga sharrin 'yan damfara. Amin.