Ƙaramin Jami'i a Jirgin Dakon Mai: Aikinsa da Nauyin da Ke Wuyansa

Manyan jiragen ruwa da ke dakon ɗanyen mai daga tashoshi irin su Bonny da Forcados zuwa matatun Turai da Asiya suna cikin mafi girman ababen hawa da ɗan Adam ya ƙera, domin babba daga cikinsu kan kai tsawon mita 330, ya kuma ɗauki ganga kusan miliyan 2 a tafiya guda, alhali ma'aikatansa ba su cika wuce mutum 30 ba. Kyaftin ne shugaban kowa, a ƙarƙashinsa kuma akwai sashen injiniyoyi da sashen doron jirgi, wato masu kula da tuƙi da kaya da kayan ceto. A wannan sashe na biyu akwai babban jami'i, da jami'i na biyu, da jami'i na uku wanda shi ne ƙarami a muƙami, amma duk da ƙanƙantarsa akan damƙa masa jirgin da rayukan da ke cikinsa na tsawon awa 8 a kowace rana.

Kafin ya kai wannan matsayi, sai ya cika sharuɗɗan yarjejeniyar horar da ma'aikatan teku ta 1978, wadda aka fi sani da STCW, wadda kuma aka yi wa gyara a 1995 da 2010. Ta shar'anta cewa ɗalibin da ke bin tsararren horo ya yi aƙalla wata 12 a teku, 6 daga ciki yana koyon tsaro a ɗakin tuƙi a gaban ƙwararren jami'i, sannan wanda zai shiga jirgin mai ya ƙara da horo na musamman a kan gobara da iskar gas.

A tsakiyar teku, bisa al'adar yawancin jirage, jami'i na uku kan karɓi tsaro daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana, sannan daga 8 na dare zuwa 12 na dare. Yakan hau ɗakin tuƙi kafin lokaci ya cika, musamman da dare, domin idonsa ya saba da duhu, ya karanta umarnin da kyaftin ya rubuta, ya kuma ji daga bakin wanda zai canza inda jirgin yake da jiragen da ke kewaye da shi. Daga nan sai ya riƙa bibiyar matsayin jirgin a kan taswirar kwamfuta, yana gwada abin da tauraron ɗan Adam ya nuna da abin da na'urar rada ta gano, yana auna kuskuren kamfas, yana kuma shigar da komai a littafin tafiya. Dokokin kauce wa karo na 1972 sun wajabta sa ido da gani da ji a kowane lokaci, kuma dalilin a fili yake, domin jirgi mai cikakken lodi yakan yi tafiyar kilomita da dama kafin ya tsaya, saboda haka dole a yanke shawarar kaucewa tun ɗayan jirgin yana nesa. Babban abin da ake koya wa ƙaramin jami'i shi ne ya kira kyaftin da zarar ya shiga shakka, ko da a tsakar dare ne, ba tare da jin nauyi ba.

Bayan ya sauka daga tsaro, kayan ceto da na kashe gobara na jiransa, domin galibi shi ake ɗora wa kula da su. Yana duba kwale-kwalen ceto da ruwa da abincin da aka tanada a cikinsu, da rigunan ceto, da gwangwanayen kashe wuta, da mesa, da tukwanen iskar numfashi, wasu duk mako wasu duk wata, kamar yadda yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974 ta tsara.

Aiki ya fi tsanani idan an shiga tasha, inda akan koma tsarin awa 6 na aiki da awa 6 na hutu har a gama lodi ko sauke kaya. Babban haɗarin yana cikin tururin da man ke fitarwa, wanda idan ya haɗu da iskar oksijin da ɗan tartsatsi sai tankin ya fashe, kamar yadda ya faru da manyan jirage 3 a watan Disambar 1969 yayin da ake wanke tankunansu. Shi ya sa ake cika sararin da ke saman man da iska marar kama wuta, wadda akan samo daga hayaƙin tukunyar jirgin bayan an tace shi, domin oksijin da ke cikin tanki kada ya wuce kashi 8 cikin 100. Jami'in da ke tsaro yana lura da wannan adadi, da ƙarfin turin famfuna, da tazarar da ta rage kafin kowane tanki ya cika, sannan ya zagaya ya duba mahaɗar bututun jirgi da na tasha ko akwai yoyo, ya kuma sa a sassauta ko a ƙara ɗaure igiyoyi yayin da jirgin ke nutsawa ko tasowa. Mintocin ƙarshe na cika tanki sun fi kowanne buƙatar natsuwa, domin jinkiri kaɗan wajen rufe bawul na iya sa mai ya malala a doron jirgi ya gangara teku.

Duk wannan yana gudana ne cikin kwantiragi na watanni, nesa da iyali, tare da abokan aiki daga ƙasashe dabam-dabam, kuma da yake tashoshin mai kan kasance nesa da gari, wasu ma a tsakiyar ruwa, jami'i na iya gama wa'adinsa bai taka ƙasa ba. Doka ta tanadi hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, kuma tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan tauye wannan hakki. A ranar 24 ga Maris 1989, jim kaɗan bayan tsakar dare, jirgin Exxon Valdez ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a gaɓar Alaska, ya zubar da ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11. Jami'i na uku ne kaɗai jami'in da ke ɗakin tuƙi a lokacin, bayan kyaftin ya fita daga ɗakin, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta lissafa gajiyarsa da yawan aikin da ke kansa cikin musabbaban haɗarin. Bayan wannan ne Amurka ta kafa dokar 1990 da ta wajabta wa jiragen mai samun bango mai ruɓi biyu.

Ingancin ƙarfe da na'ura ba ya maye gurbin jami'i mai horo wanda ya sami isasshen barci. Saboda haka wajibi ne kamfanoni su ɗauki isassun ma'aikata, masu binciken tashoshi su tabbatar rajistar hutu gaskiya take faɗa, ƙasashe masu arzikin mai irin Nijeriya kuma su samar wa ɗaliban makarantun horar da ma'aikatan teku kamar ta Oron gurbin horo a jirage, domin rashin wannan gurbi ne ke hana da yawansu samun shaidar zama jami'ai.