Kofi a Hannun Jarumi: Maye a Littattafan Almara

Duk wanda ya saba karanta littattafan almara na Turawa, wato ƙagaggun labaran nan da ake gina musu duniyarsu dabam mai sarakuna da matsafa da dodanni, ya san da wuya a yi nisa a labari ba a shiga gidan giya ba. A can ake ƙulla tafiya, a can baƙo mai lulluɓe yake zaune a lungu yana sauraron kowa, a can jarumi yake ƙarar da ladan yaƙinsa kafin gari ya waye. Mai karatun da ya tashi a gidan da ko sunan barasa ba a son ambata zai iya ɗauka cewa wannan hoton rayuwar Turawa ne kurum. Akwai ƙamshin gaskiya a haka, amma bai isa bayani ba. Mafi yawan giyar da ake kwankwaɗa a waɗannan littattafai marubuci ne ke buƙatarta, domin tana yi masa aikin da zai sha wuya kafin ya yi ta wata hanya. Saboda haka abin da ya kamata a auna littafi da shi ba yawan kofunan da aka ɗaga ba ne. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya bar mashayin ya biya kuɗin mayensa, ko kuwa ya yafe masa don labari ya yi daɗi.

Aikin farko da giya ke yi shi ne buɗe abin da ke kulle, ƙofa ce ko baki. A littafin The Hobbit na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1937, sarkin mutanen Elf na daji ya tsare wadanni goma sha uku a kurkukunsa na ƙarƙashin ƙasa, kuma abokin tafiyarsu Bilbo, duk da zoben layar zana da ke hannunsa, ya rasa yadda zai fitar da su. Mafita ta zo ne daren da mai kula da rumbun sarki, Galion, ya gayyaci shugaban dogarai su ɗanɗana wata giyar inabi mai ƙarfi ta ƙasar Dorwinion. Giya ce da ake sha a ƙananan kofuna, su kuwa suka cika manyan moɗaye. Ba a jima ba kowa ya kifa kai a kan tebur yana minshari. Bilbo ya zare mabuɗai, ya buɗe ɗakunan, ya mayar da mabuɗan ɗamarar dogarin don kada a hukunta shi da yawa, sannan ya cusa abokansa cikin gangunan katako aka tura su kogi. J. K. Rowling ta yi amfani da wannan dabara fiye da sau ɗaya. A littafin Harry Potter na farko, na 1997, wani baƙo ya yi ta saya wa Hagrid, ma'aikacin makarantar, abin sha har ya faɗi cewa kiɗa ne ke sa karensa mai kai uku barci. A na shida, na 2005, sai da malam Slughorn ya bugu sannan ya saki sirrin da ya shekara da shekaru yana ɓoyewa don kunya. Marubuci yana son sirri ya fita ba tare da mai sirrin ya zama maci amana ba, yana son dogari ya kauce ba tare da jarumi ya zubar da jininsa ba, kuma maye yana biya masa buƙatun biyu a shafi guda.

Dabarar ta girmi waɗannan marubuta nesa ba kusa ba. A waƙar Odyssey ta tsohuwar Girka, Odysseus ya ɗura wa basamuden nan mai ido ɗaya giyar da aka saba sirkawa da ruwa mai yawa, shi kuwa ya sha ta zalla har kwano uku, ya ɓingire, aka tsiyaye masa ido da tsinin itacen zaitun. Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya sun san irinta a tafiyar Sindbad ta biyar, inda tsohon nan na teku ya ɗare masa wuya ya ƙi sauka dare da rana, sai da Sindbad ya matse inabi a busasshen duma ya bar shi ya tsima, tsohon ya sha, ƙafafunsa suka saki. A labarin Sin na Tafiya Zuwa Yamma, na ƙarni na 16, Sarkin Birai ya yi tatul da giyar liyafar sama kafin ya yi ɓarnar da ta jawo masa ɗauri a ƙarƙashin dutse. Abin lura shi ne a duk waɗannan tsofaffin labarai wanda ya bugu shi ne ya faɗi. Haka ma a Beowulf, tsohuwar waƙar Ingila da Tolkien ya koyar a Jami'ar Oxford ya kuma gabatar da shahararriyar lacca a kanta a 1936. Zauren shan giyar zuma na sarki Hrothgar shi ne cibiyar mulki, nan ake rabon kyauta ana ɗaukar alkawarin biyayya, amma kuma nan dodo Grendel ya tarar da mutane suna barci bayan sha ya kwashe talatin a dare ɗaya. Sarkin da bakinsa ya ba da labarin baradensa da kan cika baki in sun sha cewa za su tari dodon, gari ya waye a ga jini a kan kujeru. Mutanen da suka tsara wannan waƙa mashaya ne, amma ba su yaudari kansu game da abin da sha ke jawowa ba.

Yaudarar daga baya ta shigo. A mujallun labarai masu araha na Amurka, inda Robert E. Howard ya fito da Conan a 1932, Fritz Leiber kuma ya fito da Fafhrd da abokinsa Gray Mouser a 1939, sha ya koma shaidar mazantaka da 'yanci. Jarumi ya kwana yana sha, da asuba ya zare takobi hannunsa ko rawa ba ya yi. Da wasan Dungeons & Dragons ya fito a 1974, gidan giya ya zama wurin da ake haɗa baƙin juna a tura su neman dukiya, domin ita ce hanya mafi sauƙi ta tara mayaƙi da matsafi da ɓarawo a tebur ɗaya. Daga nan abin ya zama al'ada, ana kwafa ba a tambaya. Wada Gimli na cikin wani littafin Tolkien mutum ne mai mutunci da iya magana, amma a doguwar sigar fim na uku da Peter Jackson ya yi daga littafin an sa shi gasar sha da abokinsa Legolas har ya sulale ƙasa don a yi dariya, alhali babu wannan gasa a littafin. A nan ne nake ganin wannan fanni na adabi ya saɓa wa kansa. Marubutansa sun yi ittifaƙi cewa tsafi dole ya zama da farashi, in ba haka ba labari ya lalace: zobe yana cin ran mai ɗauke da shi, matsafi yana gajiya, alkawari da aljani yana dawowa neman biya. Sai ga abu ɗaya da kowa ya san farashinsa a zahiri, shi aka bari kyauta.

Masu kare wannan al'ada sukan ce ai gaskiyar tarihi ce, domin duniyoyin almara an ɗora su ne a kan Turai ta tsakiyar zamani, lokacin da, in ji su, ruwa ba ya shawuwa sai giya. Masana tarihi da dama ba su yarda da wannan ba. Mutanen wancan zamani suna shan ruwan rijiya da na marmaro, kuma tun a ƙarni na 13 birnin Landan ya ja ruwa ta bututun dalma daga Tyburn zuwa tsakiyar gari. Giyar da manomi ke sha a gona yawanci mai rauni ce, ta fi kusa da abinci, ita kuwa tatacciyar barasa mai zafi ba ta zama abin shan gama-gari ba sai bayan wancan zamani. Ban da haka, marubucin da ya ƙago macizai masu aman wuta ba zai fake da tarihi a kan kofi ba. Shi ya zaɓi abin da zai ɗauko daga tarihi, kuma ya bar ruɓaɓɓen haƙori da ƙwarƙwata a baya. Wasu kuma sukan ce labari ne kawai, an zo hutawa ba a zo wa'azi ba. Wannan ya fi na farko ƙarfi, kuma ban ce kowane littafi ya zama darasin asibiti ba. Amma yawancin masu fara karanta almara matasa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 2.6 suka mutu sanadiyyar barasa. Littafi ɗaya ba zai mayar da kowa mashayi ba. Littattafai ɗari da duk suka nuna cewa namijin duniya shi ne mai shanye tulu ya miƙe garau, waɗannan suna koyar da wani abu ko ba su yi niyya ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa faɗin gaskiya zai ɓata daɗin labari ita ce, littattafan da suka faɗe ta sun fi daɗi. George R. R. Martin, a A Game of Thrones na 1996, ya nuna sarki Robert Baratheon, wanda ya ci sarauta da gudumar yaƙi yana saurayi ƙaƙƙarfa, bayan shekara goma sha biyar ya koma ƙaton tumbi, sulkensa ba ya shigarsa, baitulmali na fama da bashin zinariya sama da miliyan shida, yana marin matarsa, yana guje wa zaman majalisa. Da maƙiyansa suka tashi kashe shi ba su nemi guba ba. Yaron da ke riƙe masa salka ya yi ta miƙa masa giyar da ta fi wadda ya saba ƙarfi a wurin farauta, aladen daji ya ƙarasa aikin, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Terry Pratchett, wanda aka fi sani da ban dariya, ya fi kowa tausayi a wannan batu. A Guards! Guards! na 1989 mun fara ganin Sam Vimes, shugaban 'yan sintirin dare, kwance a kwata bayan jana'izar abokin aikinsa. Yana sha ne don ya ga an mayar da aikinsa abin wasa a birnin da ɓarayi ke da lasisi. Ya daina, ya koma a littafi na gaba na labarinsa da aka ƙwace masa bincike, ya sake dainawa, kuma har ya zama babban mutum hannunsa bai daina zarcewa aljihun tebur na ƙasa inda kwalba take a da ba. A Feet of Clay na 1996 maƙiya sun ajiye masa kwalba a wannan aljihun, suna da yaƙinin zai sha. Ya tuttular da ita a ƙasa don ɗakin ya ɗauki wari, ya kwanta kamar ya bugu, aka shigo kama shi, makircin ya tonu. Wannan shafi yana riƙe mai karatu fiye da gasar sha goma, saboda ya san abin da zubar da kwalbar ya ci wa mutumin.

Akwai ƙorafi daga ɗaya ɓangaren, kuma shi ne wanda mai karatu Musulmi zai fi ji a ransa: tunda giya haramun ce kuma cuta ce, me ya sa ba za a cire ta daga labari gaba ɗaya ba? Amsar tana wurin Brandon Sanderson, mabiyin cocin Mormon, wadda ta hana mabiyanta shan barasa. Da ya ga dama da ya share ta daga duniyarsa. Maimakon haka ya ɗora ta a kan Dalinar, babban jarumin jerin littattafansa. Daren da aka kashe yayansa sarki, Dalinar yana kife a wurin liyafa bai san inda kansa yake ba. A Oathbringer na 2017 aka bayyana dalili: ya ƙone wani gari da ya yi tawaye, matarsa tana ciki bai sani ba, ya koma sha don ya daina jin kururuwar mutanen. Akwai wurin da ya gama binciken ɗakinsa bai sami ko ɗigo ba, ya daka wa 'ya'yansa tsawa, sai ƙaramin ya dawo da 'yar kwalbar da ya sayo masa da kuɗinsa ya rungume shi. Wanda ya karanta wannan ba zai fita yana sha'awar kwalba ba. Nuna abu dabam, yaba shi dabam, kuma labarin da ya goge mashayi ya rasa damar nuna yaron nan.

Yaron shi ne abin da har yanzu ya yi ƙaranci a wannan adabi. Ko marubutan da suka yarda mashayi ya biya, yawanci shi kaɗai suke kallo, ba sa waiwayar matar da ke jiran dawowarsa, ko sojan da ya mutu saboda umarnin da aka bayar cikin maye. Kuma ma'aunin bai daidaita tsakanin maza da mata ba. Shirin talabijin da aka yi daga littattafan Martin, daga 2011 zuwa 2019, ya mayar da shan Tyrion, ɗaya daga cikin jaruman labarin, wani ɓangare na hikimarsa har masu kallo suna buga kalamansa a riguna, alhali a littafi na biyar an nuna shi yana sha yana amai a cikin jirgin ruwa bayan ya kashe ubansa, ya tsani kansa da kowa. 'Yar'uwarsa Cersei tana shan irin abin da yake sha, amma nata an ɗauke shi alamar lalacewa. A wurin Rowling ma, shan Hagrid abin murmushi ne, na malama Trelawney da ke ɓoye kwalabe bayan an wulaƙanta ta a gaban ɗalibai kuwa an bar shi abin tsokana.