Mene ne noma a sararin samaniya?

Kwanan nan ana yawan jin cewa 'yan sama-jannati sun shuka wani abu. Abin da ake nufi shi ne binciken yadda tsiro ke rayuwa a inda abubuwa ba sa jin nauyinsu, kamar a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa da ke zagaya duniya a nisan kilomita kusan 400.

A doron ƙasa, saiwa tana gane inda za ta nufa ne saboda wasu 'yan ƙwayoyin sitaci da ke kwantawa a bakinta. A sararin samaniya kuwa babu abin da ke kwantawa, sai haske ya zama jagoran tsiro. Ruwa kuwa shi ne babbar matsala, domin ba ya gangarawa. Dunƙulewa yake yi ya manne wa saiwa har ya hana ta iska. Shi ya sa ake shuka a cikin 'yan jakunkuna masu ɗauke da gasasshen yumɓu da taki, ƙarƙashin fitilu ja da shuɗi, fanka kuma tana kaɗa iska.

A 2015 'yan sama-jannati suka ci latas ɗin da hukumar NASA ta Amurka ta sa aka noma a tashar, a 2021 kuma barkono. A Janairun 2025 Indiya ta tsirar da wake, irin wanda muke ci, a sararin samaniya.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shirin zuwa duniyar Mars, tafiyar da za ta ɗauki shekaru, alhali abincin da aka adana yana rasa wasu sinadaransa na bitamin idan ya daɗe.