Ɗanyen Nama Ga Kare Da Kyanwa: Sai Da Awo Da Tsabta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawa da suka daina sayen abincin gwangwani domin karnuka da kyanwoyinsu, suka koma yanka musu ɗanyen nama a gida. Wani likitan dabbobi na ƙasar Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ne ya ƙara yayata wannan hanya da littafin da ya buga a 1993. Hujjarsu ita ce, tun asali waɗannan dabbobi maciya nama ne.

Amma fa aikin ba jefa wa kare guntun tsoka ba ne kurum. Masu yin sa da sikeli suke aiki. Babban kare yakan ci kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa a yini, watau mai kilo 20 zai ci wajen giram 500. A bisa rabon da yawancinsu ke bi, giram 400 tsoka ce, 50 ɗanyen ƙashi mai taushi kamar na wuyan kaza, 25 hanta, sauran 25 kuwa ƙoda ko saifa. Sai a ƙulla rabon kowace rana dabam, a daskarar, a riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Awon yana da dalili. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, saboda haka ɗan kwikwiyon da aka raina da ita ƙafafunsa kan tanƙware. Hanta in ta yi yawa takan sandarar da gaɓoɓin kyanwa. Ita kyanwa kuma tana bukatar wani sinadari da ke da yawa cikin naman zuciya. In ta rasa shi takan makance, ko zuciyarta ta raunana. Dafaffen ƙashi yakan tsage ya huda hanji, albasa kuwa tana lalata musu jini.

Babban haɗarin dai yana kan mutanen gida. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cutar gudawa da ke cikin ɗanyen nama, shi ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2012. Tilas a ware wuƙa da faranti, a wanke hannu da sabulu, a hana yara taɓa kwanon dabbar.

Wannan gargaɗi ya shafi mafarauta da mahautan ƙasar nan. Huhu ko hantar tunkiya mai ƙurajen ruwa, in aka jefa wa kare, takan zama tsutsa a hanjinsa. Ƙwayayenta na fita cikin kashinsa, su shiga mutum ta hannu ko abinci, su yi masa ƙullutu a hanta, wanda sau da yawa sai da tiyata. Irin wannan nama a binne shi ko a ƙone shi. Wanda kuwa ba shi da firji, gara ya dafa naman, ya kuma nemi shawarar malamin dabbobi.