Libarbar Da Ke Tofar Da Darma

A wani filin koyon harbi a Amurka, mutum ya tsaya da libarbarsa mai cin harsashi shida, ya harba uku. Wanda ke tsaye a hagunsa ya dafe kunci. Da aka duba, sai ga ɗigon jini, da ɗan ɓarɓashin darma maƙale a fata. Harsasai ukun duk sun huda takardar da aka auna. To, me ya fita ta gefe?

Irin wannan ƙara ba baƙuwa ba ce a shagunan maƙeran bindiga na can, kuma asalinta yana cikin ƙirar kanta. Tun bindigar da Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836, harsashin libarba ba a cikin bututu yake zaune ba. Yana cikin wata ganga mai juyawa, sai an ja kunama ya tsallake ɗan gibi ya faɗa bututun. Gibin dole ne, domin in babu shi ganga ba za ta juya ba. Wuta da hayaƙi kan fita ta nan a kowane harbi, kuma da ƙarfin gaske, don matsin harsashin .357 Magnum yana kai fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci. Wannan ba laifi ba ne. Amma idan darma ce ke fita, to wani abu yana aske harsashin a hanya.

Maƙerin da aka kai wa bindigar bai taɓa ta da zarto ba. Ya yanki kwali biyu, ya kafa su dama da hagu daura da gibin, ya sa wa ramukan ganga lamba daga 1 zuwa 6, ya harba su ɗaya bayan ɗaya yana canza kwali. Na dama ya fito da baƙin hayaƙi kawai. Na hagu kuwa ya fito da ƙananan huji, a duk harbi shidan. Ya riƙe abu biyu: gefe ɗaya ne, kuma kowane rami na yi.

Ya fara da abin da ya fi araha. Harsashin darma mai laushi yakan bar saura a mazurarin da ke bakin bututu ta baya, saurar ta taru har ta riƙa yagar na gaba. Ya kankare shi tas, ya sake harbi da harsashi mai rigar jan ƙarfe. Kwalin hagu ya sake hujewa. Datti ya fita daga zargi.

Tun da mazurarin ya yi fes, ya haska shi da fitila yana neman tsaga. Akwai dalilin haka. Bindigar Model 19 ta Smith & Wesson ta yi suna wajen tsagewa a ƙasan mazurari, inda aka rage kaurin ƙarfen, musamman in an matsa mata da harsashin Magnum maras nauyi mai gudun tsiya. Wannan ba irinta ba ce, kuma babu tsaga. Sai dai ya lura gefen hagu na mazurarin ya fi na dama ƙyalli, alamar nan harsashi ke fara dukan ƙarfe.

Daga nan ya koma kan wanda aka fi kamawa da wannan laifi, wato saitin juyi. A cikin libarba akwai wani siririn ƙarfe da ke tura haƙoran ganga ta juya, akwai kuma ƙaramar sakata da ke faɗawa gurbi ta kulle ta. Dole sakata ta kulle kafin guduma ta sauka. In ɗan ƙarfen ya cinye, ganga takan makara, harsashi ya tashi rami bai gama fuskantar bututu ba. Ya ɗana guduma a hankali, ya ɗora yatsa a kan ganga don ya hana ta gudu, yana sauraron ƙarar sakata. Sau shida ta kulle a kan kari. A nan ne da yawa ke gajiya, su ɗauko ƙarfen yanka su faɗaɗa mazurari zuwa digiri 11, su ce an gama. Ina ganin wannan cuta ce ga mai bindiga, domin ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, kuma ciwon yana nan an dai rufe masa baki.

Shi wannan maƙerin ya ɗauko siraran ƙarafan awo irin na makanikai. Gibin da ake so yakan kama daga 0.1 zuwa 0.2 na milimita. Ta gefe ɗaya awon ya shiga da ƙyar, ta ɗaya gefen kuma ya shige da sauran fili. Ashe ganga ba ta fuskantar bututu sosai, ta ɗan karkace. Ya zura sandar awo mai daidai da faɗin bututun daga baki zuwa rami. In komai na kan layi, sandar za ta wuce salin alin. Ta yi tuntuɓe a bakin rami na farko, haka na biyu, haka har na shida, kuma a wuri guda. Ramuka shida ba za su lalace iri ɗaya ba. Abin da ke ɗauke da su duka ne ya goce.

Ganga tana rataye ne a kan wani hannu da ke buɗewa ta hagu idan za a zuba harsashi. Ya rufe ta, ya dubi bindigar ta gaba a cikin haske. Inda hannun ya kamata ya manne da jikin bindiga har a kasa ganin layi, sai ga siririyar kafa. Hannun ya lanƙwashe.

Saura tambaya ɗaya, don ƙarfe ba ya lanƙwashewa haka siddan. Mai bindigar ya ce bai taɓa yar da ita ba. Maƙerin ya buɗe gangar, babu harsashi, ya miƙa masa, ya ce ya rufe yadda ya saba. Mutumin ya fizgi tsintsiyar hannunsa, ganga ta faɗa ciki da ƙara. Haka ya gani a finafinai, haka mu ma muke gani a na Amurka da na Indiya. Amma ganga cike da harsashi tana da nauyi, kuma duk fizga a kan wannan ɗan hannun take ƙarewa. Kamar ƙyauren ɗaki ne da ake bankawa kullum, wata rana sai ya ƙi haɗuwa da sakatarsa.

Gyaran bai ci rabin yini ba. Ya cire ganga, ya sa ma'aunin miƙe hannu, ya riƙa dannawa kaɗan-kaɗan yana gwadawa har ma'aunin ya faɗa raminsa ba tare da an tura ba. Sandar awo ta wuce ramuka shida sumul. Aka sake kafa kwali, duka biyun suka fito da hayaƙi kawai.

Duk wanda aiki ya ɗora wa riƙon libarba, in ya ji tana tsartuwa a fuska, ya ajiye ta har masani ya auna ta, domin abin da ya sami kunci yana iya samun ido. Ya sa tabaran kariya, ya nisanta yatsunsa daga gibin, kuma ya riƙa rufe ganga da babban yatsa a hankali har ya ji ta kama.