Kafin a Nemi Bizar Landan, a San Hanyar Kamba

Duk wanda ke zama a majalisar matasa a 'yan shekarun nan, ko a Birnin Kebbi ne, ko a Kalgo, ko ma a ƙauyuka irin su Wurogauri, ya san cewa hira ba ta yin nisa sai an gangaro kan zancen fita waje. Wannan ya ce abokinsa yana Aljeriya, wancan ya ce yayansa ya samu aikin tuƙi a Saudiyya, wani kuma ya zaro waya ya nuna hoton ɗan unguwarsu tsaye cikin dusar ƙanƙara, ya ja rigar sanyi har kunne. Ni dai ban ga laifinsu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da saurayi ke samu a wata ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a riƙa yi wa waɗannan 'ya'ya namu kafin a sayar da gona a yi musu kuɗin mota: kai da kake son zuwa Landan, ka taɓa zuwa Kamba? Ka taɓa kwana a Yawuri? Kuma idan ka isa inda za ka, me ka ɗauko daga gida wanda mutanen can za su biya kuɗi su saya?

Mai karatu, wannan tambaya ta ƙarshe ita ce maƙasudin rubutuna, kuma don a fahimce ta sai mun koma baya kaɗan, zuwa ga wani yaro da ya ratsa wannan ƙasa tamu shekaru fiye da 170 da suka wuce.

A watan Mayun 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Malam Abdullahi, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Bai samu ganin Sarki ido da ido ba, amma ya samu abin da ya fi haka amfani ga masu tarihi, domin a Gwandu ne aka ba shi aron littafin Tarikh al-Sudan, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar tarihin daular Songhai daga cikinsa. Ya kuma rubuta labarin ayaba da albasar garin, ya yaba girman albasar da kyanta. A cikin masu yi masa hidima akwai yara biyu, Abbega da Dorugu. Shi Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne da aka kama aka sayar, abokin tafiyar Barth, wato Adolf Overweg, ya 'yanta shi a ƙasar Barno. Da wannan ayari yaron ya bi ta Birnin Kebbi da Zogirma da kwarin gishiri na Foga har bakin Kwara a Sayi, ya je Tambutu ya dawo, ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, sannan ya shiga Landan a 1855, yana ɗan shekara kamar goma sha shida.

Abin lura a nan shi ne abin da ya riƙe Dorugu a Ingila. Ba ƙarfin damtse ba ne, ba kuma takardar makaranta ba ce, domin ba shi da ita. Hausarsa ce, da labaran da ya tara a hanya. Wani malamin mishan mai suna J. F. Schön ya zaunar da shi yana ba da labari ana rubutawa, kuma daga bakinsa aka samu kaso mai yawa na abin da ya shiga littafin nahawun Hausa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885. A cikin labarin rayuwarsa ya bayyana yadda Turawan Ingila ke zaman cin abinci da yadda suke karɓar baƙi, kuma wanda ya karanta zai ga cewa yaron ba ya kallonsu kallon ƙauyanci. Kallon mai kwatantawa yake yi musu, don ya riga ya ci tuwon garuruwa da yawa, ya san kowane gari da irin tasa. Ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Allah Ya sa matasanmu masu ɗokin tafiya su nemi labarinsa, don ya riga su ganin abin da suke mafarki.

To, abin da harshe ya yi wa Dorugu, shi abinci ya yi wa dubban Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da suka bar wannan yanki. Tun zamanin fataucin goro, ayarin da ke tashi daga Jega da Sakkwato yana bi ta Borgu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, duk inda ya yada zango sai ya bar murhu. Kalmar zango ɗin ma ita ce ta zama sunan unguwannin baƙi a Kumasi da Ankara. Yau idan ka je Gana, abincin da ake yi wa layi da safe shi ne wanda suke kira wace, kuma ba komai ba ne illa shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi don ta yi ja, sunan ma daga waken aka samo shi. Kokon da suke sha da ƙosai, kokon Hausa suke ce masa. Tuwon zafi ya zama abincin ƙasa, har an taƙaita sunansa zuwa haruffa biyu. A Abijan, abincin talaka da ɗalibi shi ne garba, wato acaken rogo da soyayyen kifin teku, kuma sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. A Sudan, inda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiwurno, naman da ake gasawa da ƙuli da yaji sunansa agashe, kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar ya san daga bakin wa ta fito. Ba sai na yi dogon bayani kan suya a Legas ko a unguwannin 'yan Najeriya da ke Landan ba.

Waɗannan mutane ba su tafi da digiri ba. Sun tafi ne da sana'ar da suka koya a gindin murhun iyayensu mata ko a rumfar mahautan garinsu, shi ya sa ko da aka wulaƙanta su ba su rasa abin yi ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga Gana. Mutane sun bar gidaje da shaguna, sun dawo a bayan manyan motoci, amma mai tukuba ya dawo da tukubarsa a cikin kansa, ita kuwa wace ta zauna daram a Gana.

Yanzu a kwatanta da saurayin da ke barin Kalgo ko Gwandu a yau. Sau da yawa bai iya yanka kilishi ba, bai san yadda ake banda kifi ba, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin hoce ba, don a ganinsa waɗannan ayyukan mata ne da na mutanen da. Abin da ya ɗauka jikinsa ne kawai. Shi kuwa jiki kaya ne mai arha a kowace kasuwa: a Legas ya hau babur har ranar da gwamnati za ta hana acaɓa, kamar yadda aka yi a wasu sassan birnin a 2020 da 2022, a Aljeriya ya ɗauki bulo har ranar da za a kwashe su a zube a bakin iyaka. Ba ina raina waɗannan ayyuka ba ne, neman halal babu abin kunya a cikinsa. Ina cewa ne wanda ba shi da abin da ya bambanta shi da sauran dubbai, shi ake fara sallama, kuma shi dillalan mutane suka fi samu da sauƙi. Ba mu manta ba, a watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na ƙasar Damagaram, ƙasar da Dorugu ya fito, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A 2017 kuma duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya.

Wani zai ce, to ina ruwan wannan da 'yar tafiyar kwana biyu zuwa Argungu ko Kamba? Amsa ita ce a irin wannan tafiya ake koyon zama baƙo tun kuskure bai zama na rai ba. Wanda ya tashi daga Wurogauri, garin da mai jin Fillanci zai ji gari da hatsi a cikin sunansa, ya shiga Gwandu ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, ya kwana a Argungu ya ga gidan tarihi na Kanta, ya zauna da masunta a bakin Matan Fada suka nuna masa yadda ake riƙe homa a kan gora, ya riga ya fara karatu. Bikin kamun kifin nan da aka faro a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016, Turawa kan biya kuɗin jirgi su zo kallonsa, alhali akwai 'yan jiha da ba su san shi ba sai a talabijin. Idan ya gangara Aliero zai ga inda albasar da Barth ya yaba irinta ta zama dukiyar da ake lodin ta zuwa kudu. Idan ya kai Kamba, ga Gaya nan kusa a Nijar, ga Malanbil a ƙetaren kogi cikin Binin, ƙasa uku a tafiyar yini guda: zai ji Dandanci da Zabarmanci da Faransanci, zai canza naira zuwa sefa ya gane wa idonsa abin da ake nufi da faɗuwar darajar kuɗi, zai ci dambu da kopto, wato kwaɗon zogalen da ya sani a gida da wani suna. Zai koyi tambayar masauki, da ɓoye guzuri, da gane mai niyyar cuta tun daga gaisuwarsa. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma ita ma tambayar koyon ta ake yi.

Dole in yarda da masu cewa waɗannan tafiye-tafiye sun fi wuya a yau. Kuɗin mota ya ninka. An rufe iyakoki daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, da abin da ya sami ɗaliban Birnin Yawuri a 2021, da jirgin ruwan da ya nitse da ɗimbin jama'a kusa da Warra a shekarar, duk sun isa su sa uba ya ce wa ɗansa ya zauna gida. Amma abin mamaki, uban da ke tsoron ɗansa ya je Yawuri shi ne zai sa masa albarka ya nufi Agadas. Wannan lissafi bai fita ba. Kuma idan hanyoyin cikin gida sun lalace har yaro ya fi jin labarin Tamanrasat fiye da na Zuru, to wannan ƙara ce da za a kai gaban hukuma, ba dalili ba ne na naɗe hannu.

A nan nake ganin manyan makarantunmu suna da rawar takawa. Ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke bakin Kalgo, ga jami'ar jiha a Aliero, ga kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a 2015, wadda shinkafarta ta shiga kasuwar Legas da sunan Lake Rice a 2016, bai kamata ta yaye ɗalibin da bai taɓa taka fadama da rani ya ga yadda injin ban ruwa ke shan mai ba, ko ya shiga masana'antar casar shinkafa ta Argungu ya ga inda buhun ke fitowa. Mota ɗaya a kowane zangon karatu ta isa, a hanyar da jami'an tsaro suka tabbatar da lafiyarta. A ce wa kowane ɗalibi ya dawo da shafi biyu da Hausa: me ya ci, wa ya dafa, da me aka haɗa, nawa aka saye kayan, nawa aka sayar, kuma kwana nawa abin zai yi bai lalace ba idan aka ɗaure shi za a kai nesa. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta raba furar da ke tsami kafin la'asar da kilishi ko bandar kifin Yawuri, waɗanda ke iya yin makonni a cikin jakar matafiyi.

Su kuma sarakunan Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, babu wanda ya fi su sanin gidajen da ke da tsohuwar sana'a a ƙasarsu. Da za su sa hakimai su buɗe wa waɗannan ɗalibai zaurukan sarkin fawa da sarkin ruwa da na masu jima, ko da kwana bibbiyu ne a lokacin hutu, da kuɗin da za a kashe bai wuce na tuwon dare da tabarmar kwana ba.