Ƙananan ƙararrawa na gida a ƙasar Ingila

A ƙasar Ingila akwai wani wasa da ake yi da ƙararrawa, tun wajen shekarun 1600. Majami'u fiye da 5000 suna da ƙararrawa a saman hasumiya, wata 6, wata 8, wata har 12. Kowace ƙararrawa da muryarta, da igiyarta, da mutum guda mai jan ta.

Abin da suke yi shi ne canza jeri. Mu ɗauki ƙararrawa 3, mu ba su lamba. Za su buga 123, sannan 213, 231, 321, 312, 132, su komo 123. Ku duba da kyau: kowace lamba taki ɗaya tak take gusawa, ko ta tsaya wurinta, kuma ba a maimaita jeri. Da ƙararrawa 3 jeri 6 ne. Da 4, jeri 24. Da 6, jeri 720. Da 7 kuwa 5040 ne, ana yin wajen awa 3 ana kaɗawa ba hutu, kuma ba mai duba takarda. Duk da ka ake yi. Wani mutum mai suna Fabian Stedman ya fitar da littafi a kan wannan lissafi a 1677.

To, amma koyo a hasumiya da wuya. Ƙararrawa guda tana kai ɗaruruwan kilo. Babbar ta majami'ar Libaful ta wuce tan 4. In sabon shiga ya yi sake, igiya tana iya fizgar shi sama. Ga kuma maƙwabta da ƙara ke damu. Shi ya sa waɗansu suke haɗa ƙananan ƙararrawa a gida, kowace ƴan kilo kaɗan.

Ga yadda ake yi. Da farko a kafa shimfiɗa mai ƙafafu, ta katako ko ta ƙarfe, wadda ta fi mutum tsawo, kamar rumfa. Dole ta tsaya daram. In tana girgiza, aiki ya ɓaci tun ba a fara ba. A samanta ake jera ƙararrawa, igiyoyi su sauko ƙasa, masu ja su tsaya a da'ira suna ganin juna.

Sai neman ƙararrawa. Ta gaske da tagulla ake zuba ta, wajen kashi 4 jan ƙarfe, kashi 1 kuza. Ana son muryoyinsu su riƙa sauka daki-daki, daga mai zaƙi zuwa mai kauri. In ba su dace ba, a kan kankare cikin ƙararrawa kaɗan-kaɗan har muryarta ta daidaita. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yi da tukwanen ƙasa na shuka furanni, ya bi su yana ƙwanƙwasawa har ya samu waɗanda muryarsu ta jeru.

Kowace ƙararrawa a ɗaure ta jikin wani gungumen katako mai juyawa, kamar yadda ƙafar keke ke juyawa a kan ƙarfenta na tsakiya. A gefe a manna mata ƙafa ta katako, irin ta amalanke, mai kwari a baki inda igiya za ta kwanta. In an ja igiya, ƙararrawa ta tashi daga baki-sama, ta kewayo, ta koma baki-sama, harshenta ya buga sau ɗaya. Lokacin da bakinta ke sama ne mai ja yake iya ɗan riƙe ta ko ya hanzarta ta. Da haka yake shiga gaban wani ko bayansa.

Nan fa wuyar take. Ku tuna guga a rijiya. In igiya doguwa ce, a hankali yake lilo. In gajera ce, sai sauri. Haka ƙararrawa. Babba tana ɗaukar wajen daƙiƙa 2 kafin ta kewayo, mutum ya samu damar tunani. Ƙarama kuwa fir take, kafin ka ƙifta ido ta buga. Saboda haka maginin yake neman dabarar rage mata gudu. Yana iya tura ta sama, ta matso kusa da ƙarfen da take juyawa a kai. Yana iya ƙara nauyi a ɗaya gefen, ko ya yi ƙafar babba mai nauyi. Amma in ya wuce gona da iri, sai ta yi sanyi, mai ja ba ya jin ta a hannu. Harshen ma sai an daidaita shi, don bugun dama da na hagu su zo daidai. A ɗaura, a gwada, a kwance, a sake. A ganina wannan wurin ne ake gane gwani.

Ja kuwa ba ya son ƙarfi, ƴan yatsu sun isa. Wanda ya fizga da yawa, ƙararrawa ta wuce ta tuntsura, igiya ta naɗe a ƙafa, jeri ya watse.

Da yake ana iya kwance su a sa a mota, akan kai su makarantu da wuraren buki, yara su taɓa igiya ba tsoro. Daga nan waɗansu suke hawa hasumiya.

Lissafin nasu ko ba ƙararrawa ana iya gwada shi a aji. Mutum 3 su tashi, kowa ya riƙe lambarsa, su yi tafi bi da bi: 123, 213, 231. In sun kai jeri na 6 ba kuskure, a ƙara mutum na 4.